Darasi na Tara: Gyaran Lanƙwasassun Yatsun Ɗan Tsako

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bambanta matsalolin ƙafa uku da ake gani a jikin sabbin 'yan tsaki;
2. faɗin abubuwan da ke jawo su;
3. yi wa ɗan tsako takalmin kwali da hannunsa;
4. ɗaukar matakan da za su hana matsalar dawowa a ƙyanƙyasa ta gaba.

Gabatarwa

Kwana 21 ake jira kafin ƙwan kaza ya fashe, ko a ƙarƙashin uwa mai kwanci ko a cikin injin ƙyanƙyasa. Ranar da 'yan tsaki suka fito, yawancinmu ƙirga kawuna muke yi: goma aka zuba, takwas sun fito, alhamdu lillahi. Ba kasafai ake ɗaga ɗan tsako a dubi ƙafarsa ba. Sai bayan mako ɗaya ko biyu a lura da wani yana ɗingishi, 'yan'uwansa sun riga shi zuwa wurin abinci, sun tattake shi, kullum yana baya yana kuka. A lokacin sai a ce ai haka ya zo. Alhali da an duba shi tun ranar farko, da guntun kwali da filasta sun isa su miƙar da ƙafar.

A kwana biyu zuwa uku na farko ƙasusuwan ɗan tsako suna da taushi ƙwarai, kuma yana girma da sauri. Duk yadda aka ajiye yatsunsa a wannan ɗan lokaci, haka za su ƙarfafa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan darasi kacokan a kan haka ya tsaya.

1. Ku san abin da kuke gani

Ƙafar kaza tana da yatsu huɗu: uku suna kallon gaba, ɗaya ƙarami yana baya. Lafiyayyen ɗan tsako yana baza ukun nan a ƙasa, ya tsaya a kan tafin ƙafarsa cas. Idan ba haka kuka gani ba, to ɗaya ne daga cikin waɗannan:

*Karkatattun yatsu.* Yatsa ɗaya ko biyu sun karkace gefe. Ɗan tsakon yana tsayawa, yana tafiya, yana ci, sai dai yana takawa da gefen yatsan. Wannan shi ne mafi sauƙin gyara.

*Dunƙulallun yatsu.* Yatsun sun naɗe ciki gaba ɗaya, ɗan tsakon yana taka bayansu ko kuma ya zauna a kan gwiwarsa yana jan jiki, wani lokaci har yana dogarawa da fukafukai. Idan da haka ya fito daga ƙwai, takalmi zai taimaka. Idan kuwa lafiya lau ya fito, sai a mako na biyu yatsun suka fara naɗewa, to wannan alama ce ta ƙarancin bitamin B2, wanda ake kira ribofilabin.

*Talewar ƙafa.* Yatsun lafiyarsu ƙalau, amma ƙafafun sun buɗe gefe da gefe, ɗan tsakon ya kasa haɗa su ya miƙe, ƙirjinsa na ƙasa. Wannan dabaibayi yake buƙata, za mu zo kansa.

Kada a yi gaggawar yanke hukunci. Ɗan tsakon da ya fito yanzu jiƙe yake, a gajiye, kuma ya daɗe a dunƙule cikin ɓawo, don haka yatsunsa kan kasance a naɗe. A bar shi ya bushe, gashinsa ya tashi, ya gwada tsayuwa. Da yawa suna miƙewa da kansu cikin yini guda. Wanda ya kwana ya wuni yatsunsa ba su baje ba, shi ne za a yi wa aiki, kuma ba a ƙara masa wani kwanan jira.

2. Me ke jawo matsalar?

*Zafin injin ƙyanƙyasa.* Injin da ke da fanka a ciki ana so ya tsaya a digiri 37.5 na ma'aunin Selshiyos. Idan zafin ya haura ko ya sauka na tsawon lokaci, 'yan tsaki kan fito da wuri ko su makara, kuma a cikinsu ake samun masu lanƙwasassun yatsu. A wurarenmu babban abin da ke kawo wannan shi ne ɗauke wuta, da kuma ajiye inji a ɗakin kwano da rana ke dukansa a bazara.

*Bushewar iska.* A kwana 18 na farko ana so danshin cikin inji ya kai kashi 50 zuwa 55 cikin 100, a kwana uku na ƙarshe kuma a ɗaga shi zuwa kashi 65 zuwa 70. Da hunturu iska kan bushe ƙamas. Idan ɗan tsako ya huda ƙwai, farar fatar da ke cikin ɓawo ta bushe ta manne masa, sai ya daɗe yana fama a ƙuntace kafin ya fito. Irin waɗannan da suka makara su ne aka fi samu da naɗaɗɗun yatsu. Yawan buɗe inji don leƙawa a ranakun ƙarshe yana ƙara dagula lamarin, domin duk buɗewa danshi ke tserewa.

*Abincin uwa.* Duk abin da ɗan tsako zai ginu da shi cikin kwana 21, daga cikin ƙwai yake samu, ƙwai kuwa daga abincin uwa ya fito. Masara, dawa da gero suna cika ciki su ba da ƙarfi, amma bitamin B2 ɗinsu kaɗan ne. Da damina kazar gida tana cike giɓin da ɗanyen ganye da ƙwari. Da rani kuwa, ko idan an kulle ta a akurki ana watsa mata hatsi kawai, sai ƙwanta ya fito da ƙarancinsa. Wasu 'yan tsakin su mutu a cikin ɓawo, waɗanda suka fito kuma su fito da rauni.

*Abincin ɗan tsakon kansa.* Masana abincin kaji sun ƙayyade cewa ɗan tsako yana buƙatar miligiram 3.6 na bitamin B2 a kowane kilo na abinci. Idan tsaki da dusa kaɗai ake ba shi, ba zai samu haka ba. Rashin wannan bitamin yana lalata babbar jijiyar da ta sauko daga ƙugu zuwa ƙafa, shi ya sa yatsun ke naɗewa. Masu bincike sun gano wannan alaƙa tun shekarun 1930.

*Santsin ƙasa.* Jarida, leda, tayil da kwali mai sheƙi duk suna da santsi. Ɗan tsako ya yi yunƙurin tsayawa, ƙafa ta zame, ya sake, ta sake zamewa, har ƙafafun su tale.

*Gado.* Idan zakara ɗaya ya shekara da shekaru a gida yana bin 'ya'yansa da jikokinsa, nakasa kan yawaita a cikin zuri'ar, har da karkatar yatsu.

Ga hanya mai sauƙi ta gane inda laifin yake. In ɗaya ko biyu ne kawai a cikin garke, kuma su ne suka fito a ƙarshe, to wahalar fitowa ce. In suna da yawa tun ranar farko, a binciki inji da abincin iyaye. In sai a mako na biyu abin ya ɓullo, a binciki abincin da ake ba su. In kuwa kowace ƙyanƙyasa sai an samu daga kaza ɗaya ko zakara ɗaya, gado ne.

3. Yadda ake yin takalmin kwali

*Kayan aiki:* guntun kwali marar kauri, irin na kwalin magani ko na ganyen shayi, filastar takarda da ake sayarwa a kemis, almakashi, biro, ɗan man gyaɗa, tsumma mai tsabta. Ku nemi mutum na biyu ya riƙe muku ɗan tsakon, domin aikin yana son hannu huɗu.

*Mataki na ɗaya.* Ku wanke hannu, ku yi aikin a wuri mai ɗumi inda iska ba ta kaɗawa. Ɗan tsako yana saurin ɗaukar sanyi, don haka a shirya komai kafin a ɗauko shi. A yayyanka filasta a liƙa a bakin tebur.

*Mataki na biyu.* Mai riƙo ya sa ɗan tsakon a tafin hannunsa, ya rufe shi da yatsu a hankali, ƙafar da za a gyara tana waje. Kada a matse masa ƙirji ko ciki. A goge ƙafar ta bushe, in ba haka ba filasta ba za ta kama ba.

*Mataki na uku.* A ɗora ƙafar a kan kwali, a baza yatsun, a zagaye su da biro. A yanke kwalin ya ɗan ɗara ƙafar kaɗan. Faɗinsa ba ya wuce kimanin santimita 3. In ya yi girma, ɗan tsakon zai riƙa taka shi da ɗaya ƙafar yana faɗuwa. A zagaye kusurwoyin don kada su yanke shi.

*Mataki na huɗu.* Nan ne zuciyar aikin. Ku sa babban yatsanku a bayan ƙafar, ku shafo yatsan ɗan tsakon daga tushe zuwa farce, sannu sannu, har ya kwanta a kan kwali. Za ku ji yana bin hannu ba gardama. Na tsakiya ya kalli gaba sak, na dama da na hagu su buɗe gefe, na baya ya koma baya. Ku tabbata cikin yatsan ne a ƙasa, farcen yana kallon gaba, bai kwanta a gefe ba. In kun ji yatsa ya ƙi, ko ɗan tsakon ya tsala kuka mai ƙarfi, ku tsaya a inda ya kai. Gobe zai ƙara miƙewa. Ƙarfi karya shi zai yi.

*Mataki na biyar.* A ɗora siririyar filasta a kan kowane yatsa, a danna ta a kan kwalin ta gefe da gefe. Sannan a shimfiɗa mai faɗi ta rufe duka, a naɗo bakinta ƙarƙashin kwalin. A bar kan faratan a waje yadda za a riƙa ganinsu. Kada filasta ta zagaye ƙwaurin.

*Mataki na shida.* A liƙa wata filastar a ƙasan takalmin don ta rage santsi. A sauke ɗan tsakon a kan buhun algarara ko tsohon tawul, a zuba masa ido. Da farko zai yi ta ɗaga ƙafa yana tangaɗi, yana saran takalmin da baki. Wannan ba abin damuwa ba ne. Kafin wani lokaci zai saba.

Idan yatsa ɗaya ne kawai ya karkace, ko ɗan tsakon ƙarami ne ƙwarai kamar na zabo, ana iya barin kwali. A shimfiɗa filasta gefen danƙonta yana sama, a jera yatsun a kai, a rufe da wata, a matse tsakanin yatsun, a yanke abin da ya yi saura.

Abubuwa uku ba a kusantar ƙafar ɗan tsako da su: zare, robar ɗaure kuɗi, da gam mai kamawa nan take. Zare da roba suna tsayar da jini har yatsa ya mutu, gam kuwa da fata yake fita.

4. Jinya bayan an sa takalmi

Ku ware shi a ƙaramin kwali kusa da ɗumi, tare da ɗan'uwansa ɗaya mai sanyin hali. In aka bar shi cikin garke za su yi ta saran filastar, in kuma aka bar shi shi kaɗai zai yi ta kuka ya ƙi ci. A makon farko 'yan tsaki suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi zamansu: in sun cunkushe a gindin fitila sanyi suke ji, in sun guje ta suna haki zafi ya yi yawa.

Abinci da ruwa su kasance kusa da shi. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, domin mai takalmi in ya faɗa ruwa ba ya iya fita. Dafaffen ƙwai da aka murmushe abinci ne mai kyau gare shi a waɗannan kwanaki.

Safe da yamma a dubi yatsun. In sun kumbura, ko sun yi duhu, ko sun yi sanyi, filasta ta matse: a cire nan da nan, a bari jini ya dawo, a sake ɗaurawa sako-sako. Kowace rana a cire takalmin a sa sabo, saboda ƙafar tana girma kuma kashi yana ɓata kwalin. Wajen cirewa a ɗiga man gyaɗa a bakin filastar, a jira kaɗan, za ta saki da kanta. Kada a fizge. Kafin a mayar da sabo, a ajiye shi a ƙasa a ga takunsa. In yatsun sun baje sun tsaya, aiki ya ƙare. Wanda aka fara wa da wuri yakan warke cikin kwana biyu zuwa huɗu. In an kai mako ba canji, a daina, kada a ci gaba da wahalar da shi.

5. Dabaibayi don talewar ƙafa

A yanko siririyar filasta, a naɗa bakinta ɗaya a ƙwaurin dama, ɗayan a na hagu, tsakanin gwiwa da yatsu. A bar tazara tsakanin ƙafafun daidai yadda lafiyayyen ɗan tsako yake tsayawa, wato kimanin santimita biyu da rabi. A ninke filastar ta tsakiya don kada danƙonta ya kama gashi. Shi ma kullum ake sabunta shi, kuma dole a raba ɗan tsakon da ƙasa mai santsi, in ba haka ba an yi aikin banza.

6. Idan ƙarancin bitamin ne

Takalmi yana miƙar da yatsa, amma ba ya warkar da jijiya. Idan alamun sun nuna ƙarancin bitamin B2 ne, a je shagon magungunan dabbobi a nemi garin bitamin na kaji, a karanta jikin takardar a tabbata akwai B2 a ciki, a bi awon da aka rubuta. A ba garken duka, domin abinci ɗaya suke ci, sauran ma suna kan hanya. Wanda ba ya iya zuwa wurin ruwa a ɗiga masa a gefen baki ya haɗiye da kansa. Kada a ɗura masa, ruwa zai bi ta hanyar numfashi.

Hasken rana yana lalata wannan bitamin. Saboda haka a ajiye ruwan a inuwa, a haɗa sabo kowace safiya. Wanda aka kama da wuri yakan miƙe cikin 'yan kwanaki. Wanda ya daɗe yana jan gwiwa, jijiyarsa ta riga ta lalace, ba ta dawowa.

Ku kuma sani ba kowace shanyewar ƙafa ce wannan ba. Idan kaza ta haura mako shida sannan ƙafarta ta shanye, ɗaya ta miƙe gaba ɗaya baya, ana zargin cutar Marek. In wuya yana murɗewa, kaji suna mutuwa da yawa, wannan annoba ce. A irin haka a ware marasa lafiya, a kira likitan dabbobi ko malamin gona ba tare da jinkiri ba.

7. Rigakafi

- Kajin da za a ɗebi ƙwansu don ƙyanƙyasa a fara gyara musu abinci makonni kafin a soma tarawa: ganyen zogale, ɗanyen ganye, gara, ɗan kindirmo, ko haɗaɗɗen abinci mai bitamin.
- Kada a sayi abincin da ya daɗe a shago ko wanda aka shanya a rana. Bitamin ɗinsa ya ragu.
- A zuba ƙwan da bai wuce mako ɗaya ba, wanda aka ajiye a wuri mai sanyi.
- A sa ma'aunin zafi na biyu a cikin inji don a gwada gaskiyar na jikinsa, a kuma tanadi batir, sola ko janareto.
- A juya ƙwai aƙalla sau uku a rana har zuwa kwana na 18. Daga nan a ƙara ruwa, a rufe inji, a bar shi.
- A shimfiɗa buhun algarara ko tawul a kwanakin farko, daga baya a koma ɓuntun shinkafa ko ɓurɓushin katako.
- A riƙa musanya zakara da na wani gari lokaci lokaci.
- Ɗan tsakon da aka gyara wa ƙafa a yi masa alama. Namansa da ƙwansa lafiya lau ne a ci ko a sayar, amma kada a bar shi ya zama iri.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Kowane rukuni ya zo da ƙafar kazar da aka yanka, kwali, filasta da almakashi. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi takalmi, sannan ku yi musanya. Malami zai duba ko yatsun sun kwanta daidai, ko faratan suna waje, ko filasta ba ta zagaye ƙwauri ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake jira ɗan tsako ya bushe kafin a yanke cewa yatsunsa suna da matsala?
2. 'Yan tsakinku sun fito lafiya, amma a kwana na goma, guda biyar daga cikinsu sun fara tafiya da gwiwa. Me kuke zargi, kuma me za ku yi?
3. Faɗi alamu uku da ke nuna filasta ta matse.
4. An zuba ƙwai a inji ranar 1 ga wata. Wace rana za a daina juyawa, wace rana kuma ake sa ran ƙyanƙyasa?
5. Wane abinci ake samu a unguwarku da rani wanda zai cike wa kaza gurbin ɗanyen ganye?

Kammalawa

Ɗan tsako guda ba shi da tsada a yau, amma shi ne kazar da za ta biya kuɗin littafin yaro ko ta fitar da gida kunyar baƙo nan da 'yan watanni. Ban da haka, rai ne da aka damƙa a hannunmu, kuma barin shi yana jan ƙafa alhali muna da ikon taimakonsa bai dace ba. Saboda haka a ƙyanƙyasa ta gaba, bayan kun ƙirga kawuna, ku ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ku dubi ƙafafunsu. Wanda ke buƙatar takalmi ku yi masa a ranar, sannan ku koma ku binciki injinku da abincin kajinku. Abin da kuka koya a nan kuma ku koya wa maƙwabta.